Dare ɗaya a Shinjuku: rumfar Japanawa ko teburin 'yan Koriya?

Wanda aiki, karatu ko fatauci ya kai Tokiyo, galibi dare ɗaya ko biyu ne nasa na kansa. Sauran duk na taro ne, ko na zirga-zirga, ko na gajiya. Idan wannan dare ya zo, ya sauka a tashar Shinjuku da yunwa, hanya biyu ce a gabansa. Zai iya fita ta ƙofar yamma, ya taka 'yan mintuna ya faɗa lungun Omoide Yokocho, inda hayaƙin gawayi da jajayen fitilun takarda ke nuna rumfunan da Japanawa ke kira izakaya. Zai kuma iya hawa jirgin layin Yamanote, tasha ɗaya tak, ya sauka a Shin-Okubo, babbar unguwar 'yan Koriya ta birnin. A ido, duka biyun sana'a ɗaya suke yi: ƙananan faranti ana kawowa ɗaya bayan ɗaya, ana ci ana hira har dare ya yi nisa. Da ka zauna za ka gane kowanne da irin darensa, kuma zaɓin ya rataya ne a kan su wa kake tare da su, da kuma yadda kake son sanin abin da ke shiga bakinka.

Gara in fara da abin da ya fi nauyi. Asalin wuraren nan biyu mashaya ne. Kalmar izakaya haɗi ce ta "zama" da "shagon giyar shinkafa", kuma ta samo asali tun zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, lokacin da masu sayar da giyar suka fara barin mai saye ya zauna ya sha a wurin, suna ɗan haɗa masa abin taɓa baki. 'Yan Koriya kuwa suna da kalma guda, anju, wadda ma'anarta abincin da ake ci da giya. Mafi yawan masu karanta wannan Musulmi ne, kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya, ba ɓoyayye ba ne. Saboda haka tsarin zama shi ne farkon abin dubawa, tun kafin a zo ga abinci. Rumfunan Omoide Yokocho ƙanana ne ƙwarai, wasu mutum bakwai ko takwas ne ke cika su, kowa a kan kanta ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, kuma kusan kowa da kofin giya a gabansa. Wanda wannan hadisi ke gabansa ba shi da wurin zama a nan. Ya shiga lungun ya ratsa ya fita, ya ga abin kallo, ya nemi abinci a wani wuri. Manyan izakaya da ke benayen Shinjuku daban suke: kowane rukuni da teburinsa, da yawa ma suna da ɗakuna masu ƙofa da ake kira koshitsu, inda kai da mutanenka kaɗai za ku zauna. Gidajen Shin-Okubo kuma sun fi kama da gidan abinci na iyali, kowa da teburinsa da murhunsa. Ko zama a tebur daban cikin gidan da ake sayar da giya ya halatta, wannan tambaya ce ta malaminka, kuma gara ka yi ta tun kana gida.

To, mu zo ga harshe.

Bahaushen da ya hango mai gashin yakitori zai ji kamar ya iso bakin mai tsire. Ga tsinke, ga gawayi, ga mai gashi yana fifita wuta yana juya nama. Sai dai Japanawa sun rarraba kaza gaɓa-gaɓa, kowace da sunanta: momo cinya ce, negima cinya ce da albasa mai ganye a tsakani, kawa fata, sunagimo ƙundu, reba hanta, hatsu zuciya, nankotsu guringuntsi, tsukune kuma niƙaƙƙen nama da aka dunƙule. Gidajen da suka amsa sunansu suna gashi da gawayin binchotan, wanda mafi shahararsa daga yankin Wakayama yake fitowa. Gawayi ne mai tauri, idan ka buga biyu sai su yi ƙara kamar ƙarfe, yana daɗewa yana ci kuma hayaƙinsa kaɗan ne. Babu ƙuli-ƙuli, babu yajin da muka sani. Tambaya ɗaya za a yi maka: shio ko tare, wato gishiri zalla ko romo mai zaƙi. Wanda ya saba da yaji zai ji abincin kamar bai ji haɗi ba a loma ta farko, sai ya nemi shichimi, garin kayan ƙamshi bakwai da ke kan tebur, ya barbaɗa. A ganina wannan rashin yawan haɗi shi ne daɗin girkin Japanawa. Suna son ka ji ɗanɗanon abin kansa, kifi ya zama kifi, wake ya zama wake.

Amma a nan ne baƙo ya fi zamewa. Omoide Yokocho ya tashi ne daga kasuwar bayan fage da ta kafu a gefen tashar bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945. A wancan zamani na ƙarancin abinci, kayan cikin alade da na shanu ne ke samuwa, su aka riƙa tsirewa ana gasawa, kuma har yau rumfuna da yawa a lungun wannan ce sana'arsu. Sunansa motsuyaki ko yakiton. Ba kowane tsire ne na kaza ba, ko da allon ƙofa ya ce yakitori. A garin Muroran na tsibirin Hokkaido ma, idan aka ce yakitori alade ake nufi. Inda kuma kazar ce da gaske, waya ɗaya ake gasa ta da aladen, tukunyar romo ɗaya ake tsoma su, kuma kazar ba yankan Musulmi ba ce sai in gidan ya nuna shaidar haka.

Mafitar tana cikin tarihin ƙasar. A shekara ta 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman wasu dabbobi, ciki har da shanu da kaji, kuma ƙyamar nama da addinin Buddha ya kawo ta daɗe ɗaruruwan shekaru, har sai da Sarki Meiji ya ci naman sa a 1872 aka yaɗa labarin. A tsawon wannan lokaci Japanawa suka ƙware a kifi, waken suya da ganye fiye da komai. Mu kuma mafi yawanmu mazhabar Malikiyya muke bi, inda duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya buƙatar yanka. Izakaya mai kifi ta zama wurin da Bahaushe zai ci ya ƙoshi da kwanciyar hankali. Ka fara da edamame, ɗanyen waken suya da aka dafa cikin kwasfarsa aka barbaɗa gishiri, ana matso shi da haƙori. Ka biyo da hiyayakko, wadda awara ce tsaf, sai dai mai laushi, mai sanyi, ba a soya ta ba, an ɗora mata citta da albasa da busasshen kifi da aka goge. Duk wanda ya taso yana sayen awara a ƙofar makaranta ya kamata ya ɗanɗana ta a ƙasar da ta shafe ƙarnuka tana yin ta. Sannan hokke, kifin tekun arewa da ake tsagawa a shanya a gasa, mai maiƙo, namansa na ɓarewa da kansa, faranti ɗaya ya ishi mutum biyu. Duk kifin da aka rubuta shioyaki a gefensa, gishiri da wuta kawai ya gani. Sashimi, wato yankakken ɗanyen kifi, yana buƙatar ƙarfin hali ga wanda bai saba ba. Shawarata a fara da kifin salmon ko jan naman tuna, domin ba su da ƙarni, kuma a yi hattara da koren wasabi, wanda zafinsa hanci yake hawa, ba harshe ba.

Abin da ke ɓoye a girkin Japan giya ce. Mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake yi da shinkafa, barasar da ke cikinsa ta kai wajen kashi 14 cikin 100, kuma shi da giyar shinkafar da ake kira sake suna shiga kusan duk wani romo: romon tare na tsire, romon gashi na teriyaki, dafaffen kifi mai ruwan ƙasa-ƙasa, naɗaɗɗiyar wainar ƙwai, har da soyayyar kazar karaage da ake jiƙawa kafin a soya. Alamar da nake bi ita ce, duk abin da ya zo yana ƙyalli, launin ƙasa, da zaƙi-zaƙi, to akwai mirin. Shi kansa shoyu, baƙin ruwan waken suya, tsima shi ake yi, kuma tsimin na haifar da ɗan barasa kaɗan. Malamai sun saɓa a kansa, akwai kuma wanda ake yi da shaidar halal. Alade ma yana laɓewa a wasu wurare: cikin gyoza (ƙullin fulawa mai nama a ciki), cikin soyayyar taliyar yakisoba, cikin kwaɗon dankali da ake yanka masa naman gwangwani, da romon taliyar ramen da galibi ƙashin alade ne tushensa. Duk da haka, dukkan waɗannan ana iya kauce musu, domin kowane faranti zaman kansa yake yi. Kai ka zaɓa, kai aka kawo wa.

Shin-Okubo kuwa, tun daga bakin tasha hanci zai gaya maka ka zo wurin 'yan uwa. Barkono, tafarnuwa, man riɗi. Miyarsu ta doenjang, wadda ake yi da tsimammen waken suya, warinta da na daddawa uwa ɗaya uba ɗaya. Gochujang, jan kwaɓin barkono mai ɗan zaƙi, shi ne ke rina rabin abincinsu. Idan ana maganar harshe zalla, ba na jin akwai gasa: girkin Koriya ya fi kusa da bakin Bahaushe nesa ba kusa ba. Tteokbokki, curin shinkafa mai danƙo da aka dafa cikin jan romo, zai sa ka gumi. Haemul pajeon faffaɗar wainar fulawa ce cike da albasa mai ganye da jatan lande da sauran kayan teku, gefenta ƙaras-ƙaras, ana yagar ta tare. Soyayyar kazarsu sau biyu ake tsoma ta a mai, shi ya sa ɓawonta ke riƙe ƙarfinsa ko an shafe ta da yangnyeom, jan romo mai zaƙi da yaji. Dakgalbi, abincin garin Chuncheon, kaza ce da kabeji da dankalin Hausa ake soyawa a faffaɗan kasko a tsakiyar tebur, kuma samfurinsa mai narkakken cuku ya yi tashe a wannan unguwa har layi ake yi masa. Idan an kusa cinyewa sai a zuba shinkafa cikin ragowar romon a soya, a danne ta har ta yi ƙanzo, kowa ya sa cokali yana kankara. Wanda ya taɓa rigimar ƙanzon tukunya da 'yan uwansa zai gane wannan daɗin ba sai an yi masa bayani ba.

Akwai abubuwa biyu na teburin Koriya da nake ƙauna. Na farko banchan, ƙananan kwanonin da ake jerawa kafin ka ce komai: kimchi, tsiron wake da man riɗi, alayyafo, ɗan kifi, yankakken wani farin tushe mai tsami da suke kira mu. Na biyu ssam, inda za ka ɗauki ganyen latas a tafin hannu, ka ɗora nama da tafarnuwa da ɗan kwaɓi, ka dunƙule ka kai baki loma ɗaya. Bayan kwana da kwanaki kana kokawa da tsinkayen cin abinci, samun wurin da cin da hannu shi ne daidai ba ƙaramin hutu ba ne. Kimchi kansa, wato kabejin da aka tsima da barkono da tafarnuwa, yawanci ruwan kifi da gishirtaccen jatan lande ake sa masa, don haka ba shi da matsala ga mai bin Malikiyya. Al'adar haɗa shi a taron dangi da maƙwabta kafin hunturu, kimjang, ta shiga jerin al'adun da hukumar UNESCO ke karewa a 2013, shekarar da girkin gargajiyar Japan ma ya shiga.

Matsalar ita ce sarkin wannan tebur alade ne. Samgyeopsal, tsokar cikin alade mai layi-layin kitse, shi ne abin da mafi yawan allunan Shin-Okubo ke talla, kuma 'yan Koriya sun ƙaunace shi har sun ware masa ranar 3 ga Maris. Wannan a fili yake, ana ganinsa a guje shi. Na ɓoye ya fi yawa: miyar kimchi galibi da alade ake yi, haka cikin mandu, wato gyozar 'yan Koriya, haka naɗin shinkafa na gimbap da ake sa wa naman gwangwani. Budae-jjigae, "miyar barikin soja", ta samo asali ne bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 daga naman gwangwanin sansanonin sojan Amurka, kuma alade ne daga sama har ƙasa. Sundae hanjin alade ne da aka cusa wa jini da taliya. Jokbal ƙafarsa ce, bossam dafaffen namansa. Farantin gashin da aka kawo maka ya gasa alade kafin zuwanka, wasu gidajen ma da guntun kitse suke shafe shi. Giyar girki ma ba a bar ta a baya ba, tana shiga jiƙon bulgogi, wato gasasshen naman sa mai zaƙi, da na kaza, kuma gochujang na kamfani sau da yawa ana ƙara masa ɗan barasa don kada ya lalace.

A nan ne bambancin gaske yake, kuma shi ne ya kamata ya yanke maka hukunci. Abincin Koriya na tarayya ne: tukunya ɗaya, murhu ɗaya, kowa na miƙa hannu. Idan teburin duk naku ne, ku huɗu ko biyar masu ra'ayi ɗaya, wannan ni'ima ce, kun ce kayan teku kawai kuma shi ke nan. Idan kuwa abokan aiki ne waɗanda ba Musulmi ba suka gayyace ka, to ko dai kowa ya haƙura da abin da ya zo ci saboda kai, ko ka zauna kana tsintar banchan yayin da kitse ke tartsatsi a gabanka. A izakaya wannan takura ba ta tasowa. Su ci nasu, ka ci kifinka, ba wanda ya shiga farantin wani. Mutum ɗaya ma izakaya ta fi karɓarsa, domin gidajen gashin Koriya da masu dakgalbi galibi ba sa kunna murhu sai an yi odar kason mutum biyu.

Shin-Okubo na da wata fa'ida da Shinjuku ta yamma ba ta da ita. 'Yan taku daga tashar akwai lungun da ake wa laƙabi da Islam Yokocho, inda 'yan kudancin Asiya ke da shagunan naman halal, shinkafa da kayan yaji, ga masu gashi da masu shinkafar biryani, ga ɗan masallaci a saman wani bene. Idan ka zagaya gidajen Koriya zuciyarka ba ta kwanta ba, ba za ka kwana da yunwa ba. Game da shaidar halal, Japan ba ta da hukuma ɗaya ta gwamnati da ke bayar da ita. Ƙungiyoyi daban-daban ne, kowace da ma'auninta. Gidan da ya ce yana maraba da Musulmi daban yake da gidan da ya rataye takardar shaida. Na farkon yana iya nufin naman halal ne amma ana sayar da giya, ko kicin ɗaya ne da sauran girki. Matambayi ba ya ɓata.

Abin sha yana buƙatar kulawa ta musamman. A izakaya ana sa ran kowa ya yi odar abin sha ko da guda ɗaya ne, kuma ba wanda zai kalle ka don ka ce uroncha, baƙin shayi mai sanyi marar sukari. Sai dai ka furta shi da kyau, domin uron-hai shi ne shayin nan da aka haɗa da barasa. Duk sunan da ya ƙare da hai ko sawa, giya ce, ko da ya zo da kamannin lemo. Dokar Japan tana ɗaukar abin sha a matsayin giya ne idan barasarsa ta kai kashi 1 cikin 100, saboda haka akwai na rabin kashi da ke zaune a tsaka-tsaki. Wanda babu komai a cikinsa za ka ga an rubuta 0.00 a jikinsa. A gefen Koriya, giyarsu ta soju a koriyar kwalba take zuwa, fara kamar ruwa. Wanda ya fi ruɗar baƙo shi ne makgeolli: fari ne mai kauri, a buta ake kawo shi a zuba a kwano, kai ka ce kunun gyaɗa ne, alhali giyar shinkafa ce. Abin da za ka nema shi ne boricha, shayin gasasshen sha'ir, ko na masara, ko sikhye, ruwan shinkafa mai zaƙi da sanyi wanda ke kashe zafin barkono.

Kuɗi kuma fa? A izakaya, da ka zauna za a miƙo maka tawul mai ɗumi na goge hannu, sannan a ajiye wani ɗan kwano da ba ka nema ba. Sunansa otoshi, kuma ba kyauta ba ne: kuɗin zama ne, galibi yen 300 zuwa 500 kan kowane mutum. Baƙi da yawa suna ganinsa a takardar biya su zaci an cuce su, alhali al'adar wurin ce. Abin lura shi ne kwanon na iya zuwa da dafaffen kayan cikin alade, don haka ka faɗi abin da ba ka ci tun kana zama. Farantan ƙanana ne, kowanne da sauƙin farashi, amma suna taruwa ba ka ankara ba, kuma Bahaushen da ya saba da malmalar tuwo zai iya cin biyar bai ji komai ba. Maganin wannan shi ne a rufe da shinkafa, yadda su ma suke yi: curin onigiri, ko ochazuke, shinkafar da ake zuba wa shayi ko romon kifi mai zafi. Abincin Koriya ya fi cika ciki a kan kuɗi ɗaya, musamman idan kuna da yawa. Sai dai kada ka ɗauka banchan zai yi ta zuwa kyauta kamar yadda ake yi a Koriya. A Tokiyo wasu gidajen suna cajin ƙari. Duka ɓangarorin ba a ba ma'aikaci tukuici, harajin cin abinci a wuri kashi 10 ne cikin 100, kuma ƙananan rumfuna da yawa tsabar kuɗi suke karɓa. Ranar Juma'a da Asabar da dare ana iya gaya maka teburin na awa biyu ne.

'Yan kalmomi kaɗan za su ɗauke maka rabin wahala, kuma suna aiki a Shin-Okubo ma, tunda Japananci ake yi da baƙi. "Sumimasen" shi ne kiran ma'aikaci. "Butaniku wa taberaremasen" na nufin ba na cin naman alade. "Osake wa nomimasen", ba na shan giya. "Mirin wa haitte imasu ka?", akwai mirin a ciki? "Shio de onegai shimasu", a yi mini da gishiri. Ka kuma haddace wannan harafi, 豚, domin duk inda ya fito a takardar abinci alade ne. Ladubban ci ba su da yawa: kada ka kafa tsinkayen ci a tsaye cikin shinkafa, domin a ƙasashen biyu haka ake yi wa mamaci, Japanawa suna ɗaga kwanon shinkafa zuwa baki, 'yan Koriya suna barinsa a tebur su ci da cokali, a teburin Koriya kuma babba ne ke fara sa hannu, kuma da hannu biyu ake miƙa masa abu ko a karɓa, abin da ba sai an koya wa ɗan Hausa ba.

Ga wanda ke tare da iyalinsa, ko mace mai tafiya da 'yan uwanta mata, Shin-Okubo ta fi sauƙi ba tantama. Titunanta cike suke da 'yan mata masu zuwa sayen kayan kwalliya da hotunan mawaƙan Koriya, wuraren a haskake suke, kuma ganin mai hijabi ba baƙon abu ba ne saboda shagunan halal da ke kusa. Hayaƙin taba ma abin dubawa ne. Tun watan Afrilun 2020 doka ta hana shan taba cikin gidajen abinci, amma ta bar ƙofa ga wasu ƙananan wurare, kuma inda aka yarda da taba ba a barin wanda bai kai shekara 20 ba ya shiga. Akwai alama a ƙofa. Hayaƙin gashi kuwa ko'ina ka je zai bi ka gida, don haka kada ka sa babbar rigar da za ka shiga taro da ita gobe.

Idan ka zaɓi takawa tsakanin wuraren biyu, tafiyar kamar minti 15 zuwa 20 ce, kuma hanyar na bi ta gefen Kabukicho, unguwar holewar dare. Duk wanda ya tare ka a titi yana kiranka zuwa wani gida da alkawarin rangwame, ka wuce kawai. Wannan tallar haramun ce a dokar yankin, kuma ta nan ne ake kai baƙi inda za a ɗora musu kuɗin da bai da kai. Gidan kirki ba ya farautar mutane a titi.

Salla ba ta da wuyar tsarawa. Masallacin Tokyo Camii, wanda aka fara ginawa a 1938 aka sake gina shi da salon Turkiyya a 2000, yana kusa da tashar Yoyogi-Uehara, 'yan mintuna daga Shinjuku a layin Odakyu. A watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4:30, izakaya kuma galibi ƙarfe 5 suke buɗewa, sai ka yi magariba ka wuce cin abinci kai tsaye. A tsakiyar bazara faɗuwar rana na kaiwa ƙarfe 7, sai ka tsara zamanka da haka.

Wanda tafiyarsa za ta kai shi Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ina ganin ya adana sha'awar abincin Koriya har ya isa can. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta kasa gidajen abinci gida huɗu don Musulmi: masu shaidar halal, waɗanda mai gidan Musulmi ne ya ba da tabbaci da kansa, masu wasu abincin halal amma suna iya sayar da giya, da waɗanda alade kawai suka cire. A kewayen babban masallacin birnin da ke unguwar Itaewon, wanda aka buɗe a 1976, za ka ci bulgogi da miyar kaza ta samgyetang na yankan Musulmi, kuma banchan ɗinka zai yi ta dawowa ba a ƙara maka ko sisi ba.

A Tokiyo kuwa, ga inda na tsaya. Idan kai kaɗai ne, ko ku biyu, ko kana cikin abokan aikin da ba addininku ɗaya ba, ka nemi izakaya mai kifi, mai tebur daban ko ɗaki, ka tsaya a kan gishiri, kifi, awara da shinkafa. Idan ku huɗu ne zuwa sama, bakinku ɗaya, kuna kewar barkono, ku tafi Shin-Okubo, ku fara tambayar gidan da ke da naman halal, in ba ku samu ba ku yi daren wainar kayan teku da miyar kifi, bayan kun tabbatar ba a sa mata nama ba. Idan kuma darenka ɗaya ne tak a duk tafiyar, ni izakaya zan tura ka, domin abincin Koriya mai kyau za ka iya samunsa a Seoul, a Dubai ko a Landan, amma gasasshen hokke a ɗan ɗaki mai ƙofar takarda, takalminka a waje, ma'aikata na amsa kira da murya ɗaya, wannan na Japan ne. Ko wanne ka zaɓa, ka sa ido a agogo: jiragen ƙasa na birnin suna tsayawa tsakanin ƙarfe 12 da 1 na dare, ba sa dawowa sai gab da ƙarfe 5 na asuba, kuma kuɗin tasi daga Shinjuku zuwa masauki mai nisa zai iya fin na abincin da ka ci.